Daren da ba a rubuta a littafi ba: nazarin wani lamari a gidan kula da tsofaffi

Littafin rahoton gidanmu babba ne mai baƙin bango, kullum yana kan teburin da ake miƙa aiki. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da ya sami wani daga cikin tsofaffin da muke kula da su, ko faɗuwa ce, ko magani ya makara, ko an ga tabo a jiki ba a san mafarinsa ba, sai an rubuta kafin a tashi daga duti. A shekarar da wannan lamari ya faru, sai a yi mako biyu ko uku shafin yana nan fari fat. Ni ce mataimakiyar manaja, jadawalin aiki da masu dutin dare duk a hannuna suke, kuma na sha ɗaukar wannan farin shafi in kai gaban hukumar gudanarwa a matsayin shaidar cewa aiki yana tafiya yadda ake so. Ba zan ambaci sunan gidan ko na kowa ba. Na rubuta ne domin masu riƙe da irin kujerar da na riƙe.

Abin da ya faru

Matar da lamarin ya shafa ta shekara shida tare da mu, huɗu daga ciki a dutin dare. Ba nas ba ce, mai kula ce: wanka, sauya kaya, ciyarwa, juya wanda ba ya iya juyawa don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da rarrashi, wanda shi ne rabin aikin. Irin ma'aikaciyar nan ce da idan sunanta yana kan jadawali shugaba ke kwanciya hankalinsa kwance. A hawan da take akwai wani dattijo mai gigin tsufa, dogo mai jiki, ƙafafunsa sun yi rauni. A takardar kulawarsa an rubuta da jan biro cewa ba a ɗaga shi sai da mutum biyu.

Ran nan da yamma abokiyar dutinta ta bugo waya ba ta da lafiya. Na nemo wata daga kamfanin da ke ba mu hayar ma'aikatan wucin gadi, amma ita ma dole na raba ta tsakanin hawa biyu, domin ƙasa ma da giɓi. Wajen ƙarfe uku na dare dattijon ya ɓata shimfiɗarsa, ya fara kuka yana yunƙurin sauka daga gado da kansa. Ta danna ƙararrawar neman taimako, ta tsaya a gefensa tana cewa, "Baba, yi haƙuri, ga ni nan, kada ka sauka." Shiru babu wanda ya zo, ta hayar tana ƙasa tana fama da wata tsohuwa da ke ta amai. Dattijon ya kai mata duka a kafaɗa, ya zuro ƙafa ɗaya ƙasa. Sai ta ga gara ta tallafe shi zuwa kujera ita kaɗai da ya faɗo da kansa. Ƙafarsa ta goce, ya sulale daga hannunta, ya sauka a ƙasa ta gefen ƙugu.

Can ta hayar ta iso, suka ɗaga shi tare, suka gyara shi. Ma'aikaciyarmu ta dudduba jikinsa, ba jini, ba kumburi, ya yi shiru ya koma barci. Daga baya ta gaya mini ta tsaya a kan littafin da biro a hannu ta fi minti goma, sannan ta rufe shi. Da safe wajen miƙa aiki ta ce, "An kwana lafiya."

Kwana biyu dattijon yana ƙin abinci, yana ihu idan an taɓa shi, masu dutin rana suka ɗauka gigin ne ya motsa. Mai wannan ciwo sau da yawa ba ya iya nuna inda ke masa zafi. A rana ta uku nas ta lura ƙafarsa ɗaya ta ɗan gajarce kuma ta karkata waje. Aka kai shi asibiti, hoto ya nuna karaya a ƙashin ƙugu.

Ba mu ko fara bincike ba ta shigo ofishina da yammacin ranar, ba ranar dutinta ba ce ma. Ta ƙi zama. Ta riƙe jakarta da hannu biyu a ƙirji ta ce, "Anti, ni ce. A hannuna ya faɗi." Ta faɗi komai tiryan-tiryan ba ta rage ba. Tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce, "To me ya hana ki rubutawa?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Anti, kin manta abin da ya sami wance?"

Me ya rufe mata baki

Ban manta ba. Wata bakwai kafin nan wata mai dutin dare ta rubuta da hannunta cewa ta ba wani majinyaci maganinsa bayan sa'a biyu da lokacin da ya kamata. Babu abin da ya same shi. Ni na rubuta mata takardar tuhuma, kuma a taron ma'aikata na wata na karanta lamarin da sunanta, a zatona ina yi wa sauran hannunka mai sanda. Sun kuwa ɗauki darasi, sai dai ba wanda na nufa ba. Abin da suka koya shi ne wanda ya rubuta shi ke shan kunya, wanda ya yi gum ya tsira. Da na koma na ƙirga shafukan littafin sai na ga daga wannan taro ne rahotannin dare suka ƙafe.

Wannan abu an daɗe da gano shi, ni ce ban san da shi ba. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a sassa takwas na wasu asibitoci biyu a Amurka, wanda aka buga a 1996, kan kurakuran ba da magani. Ta shiga binciken da zaton sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci da haɗin kai su za su fi ƙarancin kuskure. Alƙaluma suka nuna mata akasin haka, su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da aka bi diddigi sai ya bayyana cewa a waɗannan sassa mutane sun fi sakin jiki su faɗi kuskurensu, a sauran kuwa ana binnewa. A 1999 ta fitar da ma'anar abin, wanda za mu iya kira amincin buɗe baki a wurin aiki: wato ma'aikata su yarda a tsakaninsu cewa idan mutum ya yi tambaya, ko ya ce ban iya ba, ko ya ce na yi kuskure, ba za a wulaƙanta shi ko a hukunta shi saboda ya yi magana ba. Wannan ba ya nufin a daina bin ƙa'ida ko a riƙa shafa wa kowa kai. Edmondson da kanta ta sha jaddada cewa amincin magana da tsayawa kan ingancin aiki tare suke tafiya.

Akwai wata tambaya da masana kare haɗurra irin su James Reason suka yaɗa, kuma nas ɗinmu ce ta matsa mu yi ta kafin a yanke wa matar hukunci: idan ka cire wannan ma'aikaci ka sa wani mai irin horonsa a wurin, cikin irin wannan dare, shi ma zai iya yin abin da aka yi? Na zauna da masu dutin dare ɗaya bayan ɗaya, na yi musu alkawarin ba zan rubuta suna ba, na tambaye su ko sun taɓa ɗaga mai buƙatar mutum biyu su kaɗai. Ban da mutum ɗaya, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, duk sun ce sun yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wata ta ce, "Anti, in ba mu ɗaga ba wa zai ɗaga? Mu bar shi cikin ƙazanta har gari ya waye?" Wata kuma ta naɗe hannun rigarta ta nuna mini shatin haƙori. Na ce me ya sa ban ga wannan a littafi ba. Ta ce ai cizo da duka cikin aikin suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna fuskantar duka ko wani cin zarafi na jiki a wani lokaci na rayuwar aikinsu. A littafinmu kuwa ko ɗaya babu.

Jan biron da ke takardar dattijon, ashe, ya fi kare gidan fiye da yadda ya kare shi. Mun kafa dokar mutum biyu, muka tsara dare yadda sau da yawa mutum ɗaya ne a hawa. Duk daren da aka kwana lafiya gidan ya ci riba, daren da aka samu matsala kuwa laifin mai duti ne tunda ta karya doka. Wani masanin falsafa, Andrew Jameton, ya ba irin wannan hali suna tun 1984 lokacin da yake rubutu kan aikin jinya: ƙuncin da ke kama mutum idan ya san abin da ya dace ya yi amma tsarin wurin aiki ya ɗaure masa hannu. Masu dutin darenmu a cikin wannan ƙunci suke kwana shekara da shekaru, ni kuma ina ofis ina murna da farin shafi.

Halin da ta shiga

An dakatar da ita na ɗan lokaci har a gama bincike, kamar yadda dokar gidan ta tanada. Abin da dokar ba ta tanada ba shi ne wanda zai riƙa jin halin da take ciki. Kwana tara babu wanda ya kira ta daga wurin aiki. Wasu suna tsoron a ce sun haɗa baki da ita, ni kuma ina ganin bai dace mai bincike ta yi hulɗa da wadda ake bincika ba. A rana ta goma wata abokiyar aikinta ta tare ni a matakala ta ce, "Anti, ki kira ta. Ba na son irin maganganun da take yi."

Da muka haɗu na ga ta rame. Ta ce barci ya ƙaurace mata, da ta rufe ido sai ta ji nauyinsa yana zamewa daga hannunta. Hannunta na rawa idan ta ɗauki kofi. Ta daina ɗaga waya. Ta ce duk shekarun nan ashe yaudarar kanta take yi, ba ta cancanci a ba ta amanar kowa ba. Sannan ta ce a hankali, "Wani lokaci in na kwanta sai in ji da ma kada in farka."

Sa'ar da na yi ita ce nas ɗinmu ta taɓa gaya mana abin da ake yi idan an ji irin wannan furuci. Na tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta shirya wata hanya. Mutane da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa, har da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun bayyana cewa tambayar ba ta jawo hakan, sau da yawa ma tana sa mutum ya ji an sauke masa kaya. Ta ce tunanin yana zuwa yana wucewa, ba ta shirya komai ba. Ban bar ta ta koma gida ita kaɗai ba. Da yardarta muka kira 'yar'uwarta, washegari ta ga likita, aka fara duba ta kan tsananin damuwa da firgicin da ke biyo bayan mummunan lamari. Aikina a nan ya tsaya ga in ji, in tambaya, in haɗa ta da masu ilimin abin. Magani ba nawa ba ne.

A shekarar 2000 wani likita a jami'ar Johns Hopkins, Albert Wu, ya rubuta a mujallar likitoci ta BMJ cewa idan aka yi kuskure a jinya, bayan majinyaci da iyalinsa akwai wani na biyu da abin ke yi wa rauni, wato ma'aikacin da kuskuren ya bi ta hannunsa. A 2019 wasu masu kare haƙƙin majinyata suka rubuta a mujallar suna neman a daina kiran ma'aikaci wanda aka cuta na biyu, domin sunan yana rage nauyin alhaki kuma yana yi wa iyalai zafi. Ina ganin suna da gaskiya a kan sunan. Dattijon nan ya kwana biyu da karyayyen ƙashi, ba za a haɗa wahalarsa da ta kowa ba. Amma raunin da na gani a jikin matar nan ma na gaske ne, kuma ba ranar ya fara ba. Da muka yi hira sosai sai na fahimci ta fi shekara tana tafiya a kan gajiyar da hutun mako ba ya warkarwa. Ta ce har ta fara jin haushin ƙararrawa, ta fara kiran mutane da lambar ɗakinsu a zuciyarta, abin da a da take yi wa wasu faɗa a kai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiya a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa idan matsin aiki ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, zuciya ta nisanta daga aikin ko ta ƙyamace shi, da jin cewa ƙwazo ya ragu. Duk ukun suna tare da ita tun kafin wancan dare, kuma a gabana take wucewa kowace safiya.

Abin da muka fara yi, da abin da ya yi aiki

Matakin farko da hukumar gidan ta ɗauka shi ne aka liƙa takarda a ɗakin hutu mai ɗauke da lambar wayar masu ba da shawara, aka kuma gayyato wani ya yi mana bita ta rabin yini kan juriya da yadda ake jan numfashi a kwantar da hankali. An sa bitar da ƙarfe goma na safe. Masu dutin dare biyu ne suka zo, ɗaya ta yi barci a kujera. Da mai bitar ya ce ko akwai tambaya, wata dattijuwa cikin ma'aikata ta ce, "Malam, mun gode. Amma mu mutum na biyu muke so da dare."

Ba na raina lambar wayar, akwai wadda ta kira ta amfana. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Satumbar 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ta sa gyaran tsarin aikin kansa a gaba: yawan aiki, jadawali, yadda ake mu'amala, da ba ma'aikata damar sa baki. Ta kuma ba da shawarar a horar da shugabanni yadda za su gane ma'aikacin da ke cikin damuwa su amsa masa. Koya wa mutum jurewa alhali abin da ke karya shi yana nan daram, ɗora masa wani nauyin ne, domin idan ya sake durƙushewa sai ya ga gazawarsa ce. An kuma kawo shawarar a tara duk waɗanda abin ya shafa a ɗaki ɗaya kowa ya amayar da abin da ke cikinsa a zama guda. Nas ta hana, kuma ta yi daidai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama na tilas sau ɗaya bayan mummunan lamari, bincike bai nuna yana hana ciwon ba.

Wurin da muka fi daɗewa muna jayayya shi ne hukunci. Manaja yana ganin kora ce kawai za ta gamsar da iyali da masu sa ido. Wasu ma'aikata kuma suna ganin ko gargaɗi bai kamata a yi mata ba. Ni na tsaya a kan a raba abin gida biyu. Ɗaga dattijon ita kaɗai laifin tsarinmu ne, tunda kusan kowa ya yi, kuma ni na tsara daren. Ɓoyewar kuwa tana da kaso a ciki, domin ita ta jawo masa kwana biyu na azaba, ko da yake mu muka shuka tsoron da ya rufe mata baki. A ƙarshe aka ba ta gargaɗi a rubuce kan rashin ba da rahoto, aka kuma rubuta a cikin sakamakon binciken, da sunan muƙamina, cewa jadawalin daren da salon da na bi da rahoton baya suna cikin musabbabin abin. Ita kanta ta ce gargaɗin ya fi mata sauƙi a kan a ce ba ta yi komai ba, domin ta san ta yi.

Mun gaya wa 'yar dattijon komai, ni da manaja, ba mu jira ta ji a wani wuri ba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, kuma tana da haƙƙin yin duka biyun. Ta tambaya mutum nawa ne a hawan a daren. Na ce ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ke kina ina?" Na ce ina gida ina barci. Mun kuma kai rahoto ga hukumar da ke sa ido kan gidaje irin namu, kamar yadda ya wajaba.

Sauye-sauyen da suka biyo baya ba su da wani ado. A taron ma'aikata na gaba na tashi na faɗi abin da na yi wata bakwai da suka wuce, na ba waccan ma'aikaciya haƙuri a gaban waɗanda na kunyata ta a gabansu, aka cire takardar tuhumar daga fayil ɗinta. Ina jin da ban yi wannan ba, duk sauran da ba su kama ba. Muka samar da mai jiran kira da dare, wanda ake biya, aka kuma rubuta a fili cewa idan babu mutum na biyu, mai duti ta sauke gadon ƙasa, ta tsaftace majinyaci a inda yake gwargwadon iko, ta kira, kuma babu wanda zai tuhume ta kan jinkiri. Muka buɗe wani sashe a littafin don abubuwan da saura ƙiris su faru, ba a sa suna. Na ɗaukar wa kaina cewa duk abin da aka rubuta sai na ba da amsa a rubuce a gefensa cikin mako guda, ko da amsar ita ce ba mu da halin gyarawa yanzu. Mutum ba ya ci gaba da zuba magana a rijiyar da ba ya jin amo.

Wajen miƙa aiki kuma muka sauya tambaya. Idan ka ce "An kwana lafiya?" amsar ɗaya ce. Yanzu mai karɓar aiki cewa take, "Me ya fi ba ki wahala a daren nan?" Ƙaramin abu ne, amma tambayar ta riga ta ɗauka cewa an sha wahala, don haka faɗinta ba gazawa ba ce.

Sai zaman wata-wata. Mun aro shi daga wani tsari da ya samo asali a Boston, daga cibiyar da Kenneth Schwartz, wani lauya da ya rasu da kansar huhu a 1995, ya kafa gab da rasuwarsa. Sa'a ɗaya ce, kowa na iya zuwa daga mai shara har manaja, ba dole, kuma ba a zo don warware matsala ko neman mai laifi ba. Mutum biyu ko uku su ba da labarin wani abu da ya tsaya musu a rai a wurin aiki, sauran su saurara. Zaman farko mutum biyar ne, aka yi ta kallon ƙasa. A na uku wani mai wanki ya ba da labarin yadda yake ninke kayan wanda ya rasu, ya ce ya fi shekara goma yana yi babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake ji. Rabin ɗakin suka yi hawaye. Na sa zaman yana zagayawa tsakanin safe da yamma, kuma ana lissafa shi cikin lokacin aiki, domin idan ka ce mutum ya zo neman sauƙi a lokacin barcinsa ba ka taimake shi ba. Muka kuma zaɓi mutum biyu cikin ma'aikata, su suka zaɓa ba ni ba, aka ba su horo, aikinsu shi ne su nemi duk wanda wani abu ya faru a hannunsa a cikin kwana ɗaya. Wanda aka dakatar ma yanzu yana da wanda ke kiransa, wanda ba ya cikin masu bincike.

Cikin wata uku littafin ya cika har muka sayi wani. Hukumar gudanarwa ta firgita, wani daga cikinsu ya tambaya ko gidan ya lalace ne. Na kai musu shafukan da kansu. Yawanci abubuwa ne da saura ƙiris: birkin keke da ya saki, magunguna biyu masu kwali iri ɗaya a aljihun tebur guda, wani lungu da fitilarsa ta mutu tun bara kowa yana lalube. Duk abubuwan nan suna nan tun da, masu ɗaki sun san inda yake musu yoyo.

Inda aka tsaya

Ta dawo bayan wata biyu da rabi, da shawarar likitanta. Ta fara da kwana uku a mako, dutin rana, ba a hawan da abin ya faru ba, tana kuma ci gaba da ganin mai ba ta shawara. Makon farko ta kasa taɓa na'urar ɗaga majinyaci, sai ta tsaya tana kallo. Ba mu matsa mata ba. Bayan wata huɗu ita da kanta ta nemi a mayar da ita dare, kuma yanzu ita ke horar da sababbi kan ɗagawa da juyawa. Takan fara da labarin daren nan, da bakinta.

Dattijon an yi masa aiki, amma bai sake takawa ba. 'Yarsa ta mayar da shi wani gidan, ban ga laifinta ba.

Akwai abubuwan da ba mu iya gyarawa ba. Albashin masu kula bai ƙaru ba. Kuɗin mai jiran kira sai da aka yanko daga wani wuri, kuma duk shekara sai an sake faɗa a kansa. Cikin masu dutin daren da na yi hira da su, biyu sun bar aikin gaba ɗaya, ɗaya ta ce mini gyaran ya zo mata a makare. Har yau akan samu daren da mutum ɗaya ne a hawa na tsawon sa'o'i, bambancin kawai yanzu ana rubutawa, ina gani, hukuma tana gani.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta hayar nan. Ita ma ta ga dattijon a ƙasa, da hannunta aka ɗaga shi, ita ma ba ta faɗa ba. Daren nan shi ne na biyu da ta taɓa yi a gidanmu, ba ta san inda littafin yake ba, kuma ta san kalma ɗaya daga bakinmu ta isa kamfaninta ya daina tura ta ko'ina. Da bincike ya biyo ta kanta, kamfanin ya cire ta daga jerin waɗanda yake turo mana, shi ke nan. Babu zaman wata-wata da ya same ta, babu wanda ya kira ta cikin kwana ɗaya. Na nemi lambarta sau biyu, kamfanin ya ce ba ya bayarwa. Na rubuta wasiƙa na ba su su isar mata, ban samu amsa ba. Tun daga lokacin duk ma'aikacin haya da ya shigo, ko na dare ɗaya ne, mai karɓarsa takan kai shi gaban littafin kafin ta nuna masa ɗakuna, ta ba shi lambar mai jiran kira da tawa.